Tambaya da Amsa: Na Ba Zuciyata Hujja, Ta Ƙi Yin Shiru

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, ina yi miki fatan alheri. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Damagaram, ina zaune a unguwar Birni, na daɗe da aure, kuma Allah ya ba mu yara huɗu. Bayan ƙaramar salla maigidana ya ƙara aure. Bai ɓoye mini ba, ya yi mini kayan faɗar kishiya daidai ƙarfinsa, kuma har yau ban ga inda ya tauye mini haƙƙi ba a wajen kwana ko cefane. Tun ranar da ya sanar da ni na zaunar da kaina na yi wa kaina nasiha, na ce Allah ne ya halatta, ba a kaina aka fara ba, mahaifiyata ma da abokiyar zama ta yi rayuwarta, kuma macen da ta yi karatu bai kamata ta tsaya kishi irin na jahilci ba. Ni na tsaya a kan girkin biki, ni na tarbi dangin amarya, har ana ba da misali da ni a unguwa.

Amma Hajiya, ranar da ba girkina ba ne, da zarar na ji ya shigo da babur ya wuce ƙofata, sai ƙirjina ya yi nauyi, barci ya ƙaurace mini, in ɗauko littattafan ɗalibai in yi ta gyara har tsakar dare. Makon jiya na yi wa ƴata ta fari faɗa mai tsanani saboda ta zubar da ruwa kaɗan daga jarka, har ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba. Wata ƙawata ta ce in daina yi wa kaina wa'azi, in yarda kawai cewa kishi nake yi. Ni kuma ina tsoron in na yarda na buɗe wa shaiɗan ƙofa, ladan haƙurina ya tafi. Wanne ne daidai, in ci gaba da ba zuciyata hujja har ta saduda, ko in karɓi abin da take ji?

Daga wata malama, Birni, Zinder

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya saka miki da alheri a kan yadda kika riƙe gidanki a wannan lokaci. Ƙawarki ta fi ki gaskiya a wannan karon, ko da yake rabin magana ta faɗa, kuma zan zo kan ragowar rabin.

Hujjojin da kika lissafa duka gaskiya ne in ban da ta ƙarshe, domin karatu bai taɓa cire wa mace kishi ba, kuma da yana cirewa da ba mu ga abin da muke gani a gidajen manyan malamai da likitoci ba. Matsalar sauran hujjojin ita ce kin ɗora musu aikin da ba nasu ba. Sun amsa tambayar ko auren ya halatta, sun amsa ko an zalunce ki, amma ke kin tura su su amsa wata tambaya dabam, wato ko abin yana yi miki ciwo. Abu yana iya zama halal, a yi shi cikin adalci, kuma ya yi wa mutum zafi. Macen da ta shekara da shekaru ita kaɗai take jin shigowar mijinta, yau kuma ta ji ya wuce ƙofarta, ta yi rashin wani abu na haƙiƙa, ko da kuwa babu wanda ya yi mata laifi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan ɗabi'a. A shekarar 1908 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Ernest Jones ya yi rubutu a kan yadda mutum yake ƙera wa kansa dalili mai kyan ji domin ya rufe ainihin abin da ke motsa shi, sannan a 1936 wata masaniya mai suna Anna Freud ta bayyana yadda wasu, musamman matasa masu tasowa, suke gudu daga abin da ke cin ransu su ɓuya a cikin bayani da muhawara. Ba yaudara ba ce ta gangan, kariya ce da zuciya take yi wa kanta, kuma tana da ranarta. Ita ce ta ba ki ƙarfin tsayawa a kan tukwane ranar biki ba tare da kin ba da kanki a gaban jama'a ba. Sai dai abin da ya fitar da mutum kunya na kwana bakwai ba lallai ne ya iya ɗaukarsa shekara guda ba.

Dalilin haka ya fito fili a wani gwaji da Daniel Wegner da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1987. An zaunar da mutane aka ce su yi minti biyar suna faɗin duk abin da ya zo musu a rai, da sharaɗin kada su yi tunanin wata farar dabba da aka ambata musu, kuma duk lokacin da ta faɗo musu su buga ƙararrawa. Ƙararrawa ba ta huta ba. Da aka ɗage musu sharaɗin kuwa, sai suka fi yawan tunaninta a kan waɗanda tun farko ba a hana su ba. Bayanin da Wegner ya kawo daga baya shi ne, mai son ya kori wani tunani dole ne wani sashe na hankalinsa ya tsaya gadi yana duba ko tunanin ya dawo, kuma wannan gadin kansa shi ne yake riƙe da shi a kusa. Duk daren da kika ce wa kanki kada ki ji komai, kin sa kunnenki ne a bakin ƙofa yana jiran ƙarar babur.

Akwai kuma binciken James Gross na 1998, wanda ya fi kusa da tambayarki, domin ya raba abubuwa biyu da mutane suke haɗawa. An nuna wa mutane hoton bidiyo mai tayar da hankali na aikin tiyata. Wasu aka ce su ɓoye abin da suke ji yadda mai kallon fuskarsu ba zai gane komai ba, wasu kuma aka ce su sauya yadda suke kallon abin tun daga farko. Waɗanda suka ɓoye sun yi nasarar daidaita fuska, amma abin da suke ji a ciki bai ragu ba, kuma na'urori sun nuna alamun tashin hankali sun ƙaru a jikinsu. Waɗanda suka sauya kallo su ne suka sami sauƙi na gaske. Wani binciken da ya biyo baya a 2003 ya nuna cewa hatta wanda yake hira da mai ɓoye damuwarsa, shi ma awon jininsa yana ɗagawa. Hausawa sun riga sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma yaran gida sun fi kowa iya wannan tambaya. Ƴarki ba ruwan jarka aka yi mata faɗa a kai ba, kuma ina tsammanin ta san haka.

Daga nan za ki ga cewa tunani da hujja ba abin zargi ba ne, tun da sauya kallo ma tunani ne, kuma yana aiki. Abin dubawa shi ne aikin da aka sa hujjar. Idan kika ce wa kanki, wannan abu ya yi mini zafi, amma wucewarsa ɗakin amarya yau ba ya nufin darajata ta faɗi, gobe girkina ne, to kin yarda da ciwon sannan kin gyara fassarar da kika yi masa. Idan kuwa kika ce, ai halal ne, saboda haka babu abin da nake ji, kuma in na ji to ni ce mai raunin imani, kin musanta ciwon kuma kin ƙara masa wani a kai, wato kunya da zargin kai. Hanya mai sauƙi ta gane wacce kike yi ita ce ki lura da jikinki bayan kin gama yi wa kanki maganar. In kafaɗunki sun sauka, numfashinki ya daidaita, hujjar ta yi amfani. In kuwa kin ji kamar an rufe miki baki, kuma bayan ɗan lokaci kina bukatar ki sake maimaita ta, to murfi kika ɗora a kan tukunyar da ba a janye mata itace ba.

Yanzu ga tsoronki na ɓata haƙuri, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya ɗaure ki. A garinmu muna saurin cewa a yi haƙuri, kuma sau da yawa abin da mai faɗa yake nufi shi ne a yi shiru kada a dame shi. Addini bai koyar da haka ba. Lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya ce masa wannan rahama ce, ya kuma ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu, wanda Alƙur'ani ya kawo maganarsa ta haƙuri mai kyau a Suratu Yusuf, shi ne kuma wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma da ƴaƴansa suka yi masa magana ya ce yana kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa ne ga Allah. Babu wanda ya ce haƙurinsa ya ɓaci.

Game da kishi kansa ma akwai labari a cikin ingantattun hadisai da ya kamata kowace uwargida da kowane mai mata biyu su sani. Annabi yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa sai wata matar tasa ta aiko da abinci a akushi. Mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Annabi ya tattara gutsattsarin da abincin da ya zube, yana ce wa waɗanda ke wurin uwarku ta yi kishi, sannan ya ɗauki lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa ya aika wa wadda aka fasa wa nata. Ki dubi tsarin da kyau. Ya kira abin da sunansa a gaban mutane ba tare da ya kunyata ta ba, bai yi mata wa'azi a kan halaccin auren mace fiye da ɗaya ba, amma kuma bai bar ɓarnar ta tafi a banza ba, an biya akushi. Abin da zuciya ta ji an karɓe shi, abin da hannu ya aikata an yi masa hukunci. Wannan shi ne rabin da ƙawarki ta bari: yarda cewa kina kishi bai ba ki izinin gaba da amarya ba, bai ba ki izinin zuwa wurin boka ba, bai kuma halatta miki huce haushi a kan yarinya ba. A nan ne hujjojinki za su yi aikinsu na gaskiya, su tsare harshe da hannu.

Abin da nake ba ki shawara ki gwada shi ne wannan. Daren da ba naki ba, idan nauyin ya zo, kada ki miƙa hannu ga jan biro da littattafan ɗalibai nan take. Ki zauna ki ce a ranki, ko a fili in ke kaɗai ce, kishi nake ji, kuma ki duba ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa, domin sau da yawa akwai: tsoron kada a manta da ke, ko kewar yadda gidan yake a da, ko haushin cewa kowa ya yaba miki amma babu wanda ya tambaye ki yaya kike. Matthew Lieberman da abokan aikinsa sun nuna a 2007, ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, cewa sanya wa abin da ake ji suna yana rage motsin sashen ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar tsoro. Ki lura da inda abin ya tsaya a jikinki, ki bar shi ba tare da kin yi masa gardama ba, in kuka ya zo ki yi. Za ki ga yana hawa yana sauka, ba ya tsayawa a wuri ɗaya. In kin yi alwala kin yi nafila, ki faɗa wa Allah abin yadda yake da Hausarki, ba sai kin gyara shi ba.

Tun da ke ma'abociyar alƙalami ce, akwai hanyar James Pennebaker da ya fara gwadawa a 1986, inda ya sa ɗalibai su yi rubutu na minti goma sha biyar, kwana huɗu a jere, a kan abin da ya fi damunsu, suna haɗa abin da ya faru da abin da suka ji. Waɗanda suka yi haka sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, amma ba ya cin ko dala, kuma takardar kina iya ƙona ta in kin gama.

Hujjojin kuma ki ajiye su ga lokacin da hankali ya kwanta. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu a kan kula da lafiyar jiki da ta rai, kuma ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, domin su yi masa amfani ranar da damuwa ta taso. Da safe, bayan kin yi barci kin karya, lokacin ne za ki iya auna abin da ke gaskiya da abin da dare ya ƙara masa gishiri. Ki kuma sami lokaci ranar girkinki ki gaya wa maigida, ba da sigar ƙara ba, cewa ba ki zarge shi da komai ba amma abin yana yi miki nauyi, kuma za ki so in ya shigo ya leƙo ya yi muku sallama ke da yara kafin ya wuce. Maza da yawa suna ɗaukar shirun uwargida a matsayin shaidar cewa komai lafiya, kuma ke da kanki kika ba shi wannan shaidar. Ƴarki kuma ki kira ta ki ba ta haƙuri, wannan ba ya rage girman uwa.

In rashin barcin ya zarce, ko kika ga kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abinci ya fita ranki, aikin aji ya gagare ki, ko tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa miki, to magana ta wuce shafin mujalla. Ki je cibiyar lafiya ta unguwa ko babban asibitin Zinder, a auna jininki, ki faɗa wa likita komai, ki nemi a haɗa ki da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni saurayi ne daga Mirya, na kammala digiri a Jami'ar André Salifou. Na zauna jarrabawar ɗaukar ma'aikata tare da abokina na ƙut da ƙut, shi ya samu, ni ban samu ba. Na taɓa jin ana cewa mutum ya karɓi abin da yake ji, to na karɓa: ina baƙin ciki, kuma ina jin hassadarsa. Tun lokacin na daina zuwa fada shan shayi don kada mu haɗu, yawanci ina ɗaki ina tunanin abin. Amma sauƙi bai zo ba. Ina kuskuren yake?

Daga wani matashi, Mirya

AMSA

Ɗana, na yaba maka da ka iya faɗin abin da manya da yawa ba sa iya faɗa ko a ransu. Amma abin da kake yi a ɗakin nan ya wuce karɓa, ya zama saƙa da warwara. Wata masaniya ƴar Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta yi shekaru tun wajen 1991 tana nazarin mutanen da suke zama suna juya damuwarsu, suna tambayar me ya sa ni, me ya same ni, kuma ta gano cewa wannan ɗabi'a tana tsawaita ƙunci tana kuma ƙara masa tsanani. Mai yin haka yana ganin kamar yana fuskantar matsalarsa ne, alhali yana zagaye wuri ɗaya. Hadisi ma ya hana mutum ya tsaya yana cewa da na yi kaza da kaza ya faru, ya umarce shi ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya.

Masu hanyar jinya ta karɓa da ɗaukar mataki, wadda Steven Hayes ya assasa a shekarun 1980, ba su taɓa raba karɓa da aiki ba. Manufarsu ita ce mutum ya daina jiran sai baƙin ciki ya tafi kafin ya motsa, ya tashi ya yi abin da yake da daraja a wurinsa alhali baƙin cikin yana tare da shi. Kai kuwa ka karɓi abin da kake ji, sannan ka miƙa masa linzami, shi yake zaɓa maka inda za ka je da wanda za ka gani. Zafin da ka ji ranar da sunan abokinka ya fito naka bai fito ba abu ne da ya faɗo maka ba da zaɓinka ba. Abin da ke hannunka shi ne ko za ka yi fatan ni'imar ta gushe daga gare shi, ko za ka ambace shi da sharri, kuma wasiƙarka ba ta nuna ka yi ko ɗaya ba.

Saboda haka ga abin da za ka yi a wannan makon. Ka je gidansu ka yi masa barka, ko da murya tana rawa, in kuma abotarku ta kai yadda ka ce, ka gaya masa cewa abin ya yi maka nauyi shi ya sa ka ɓace. Ka tambaye shi yadda ya shirya, waɗanne darussa ya fi ba ƙarfi, ka ari takardunsa. Ka koma fada da yamma. Ka ware wa tunanin nan lokaci ƙayyadadde, misali minti ashirin bayan la'asar da takarda a hannu, in ya zo a wani lokacin ka ce masa sai la'asar. Safiyarka kuma ka ba ta aiki, ko koyar da yaran unguwa ne, ko taya wani tsaron shago, ko aikin lambu, yadda za ka fita daga ɗaki kafin rana ta ɗaga. In ka yi wata guda a haka kuma nauyin bai ragu ba, ka bi shawarar da na ba malamar da ke sama game da ganin likita, ka kuma sake rubuto mini.